Ba Shiga a Gidan Rayyis Hadi

Alhamis, 27 ga Janairu, 2011, bayan La'asar

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Yau Ustaz Hasan, jami'in kayan tarihi mai kula da Gidan Rayyis Hadi, ya sa hannu a takardar izinina. Daga yau ni Shafa'atu, jikar magini, ɗalibar zanen gine-gine a Giza, ina da damar in auna gidan nan daga tushe har rufi don aikina na kammala karatu. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa a ofishinsa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya bashmuhandisa, babbar injiniya, awo kawai. Ba ƙusa, ba wuta, ba jingina da katako." Na ce tamam.

Gidan yana bakin Nilu. Wani mai jiragen dakon hatsi ne ya gina shi wajajen 1820. Ƙasansa farin dutse, samansa jan bulo da katako, ya turo kai gaba kamar mai leƙen ruwa. Amma abin da ya kashe ni shi ne mashiga. Kana sa ƙafa bango zai tare ka, ka karya dama cikin duhu, ka sake karya hagu, sannan tsakar gida ta buɗe. Zaure ne! Zaure sak irin na gidan kakanmu a Zariya, wanda mai wucewa ba ya hango ko gefen zanen matar gida. Na zo ƙasar mutane karatu, na tarar da gidanmu ya riga ni zuwa.

Garin yana ta hayaniyar zanga-zanga tun Talata. Yaya Munir, wana da shi ma yake karatu a nan, ya ce mu baƙi ne, namu ido.

Juma'a, 28 ga Janairu, da hantsi

Gidan a rufe yake ranar Juma'a, amma ina son in ga yadda hasken safe yake shiga, don haka na matsa wa Yaya Munir har ya taso daga unguwarsu Darrasa ya rako ni. Habboba Bakhita, wato Kaka Bakhita, ita ce ta buɗe mana. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a can. Mijinta ne mai tsaron ƙofar gidan. Da ya rasu aka bar ta a ɗakin bakin zaure tana shara. Hausarta irin ta tsofaffi ce, ta sha gishirin Larabci.

Na tsaya gaban babbar mashrabiyya, tagar nan ta katako mai ƙananan ramuka da ke kallon kogi. Dubban 'yan guntayen katako ne aka sassaƙa aka harɗe su cikin juna, ba ƙusa ba gam, don in zafi ya zo su sake, in sanyi ya zo su tsuke. Kana ciki kana ganin kowa, ba mai ganinka. Habboba ta taɓe baki ta ce, "Ya bitti, 'yata, wanda ya ƙirƙiro wannan abu bai taɓa riƙe tsumman goge ƙura ba."

Wayoyi duk sun mutu tun safe. Yaya ya ajiye jakar littattafansa a kan dakalin zaure ya ce, "Zan je masallaci in dawo. Tunda waya ba ta aiki, kada ki motsa daga gidan nan sai na zo. Kin ji ni, Shafa? Nan kaɗai na san zan same ki." Na ce na ji, ina ta jan igiyar awo, ko ɗago kai ban yi ba.

Juma'a, bayan Magariba

Sallar ta yi tsawo. Habboba ta shimfiɗa mini tabarma.

Asabar, 29 ga Janairu, da azahar

Na gano yadda gidan nan yake numfashi! A saman rufi akwai wani ɗan gini mai buɗaɗɗen baki yana fuskantar arewa, malƙaf suke ce masa. Shi yake kamo iskar kogi ya zubo ta cikin babban falo, iska mai zafi kuma ta fice ta tagogin ƙubba. Na tura murfinsa da kafaɗa, sai iska ta ɗaga mini mayafi. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Ashe ba iska kaɗai yake kamowa ba. Ya sauko mini da ƙauri, da wani abu mai sa hawaye, da muryoyin mutane masu yawa daga nesa. Na mayar da murfin.

'Yan sandan nan biyu da ke zama a ƙofa ba su zo ba. Butar shayinsu tana nan a kan kujera.

Waya ta dawo. Ta Yaya a kashe. Na kira Umma na ce muna lafiya ƙalau, Yaya ya ɗan fita.

Lahadi, 30 ga Janairu, da yamma

Zahra mai sayar da burodi a lungun baya ta kawo labari. Wasu sun shiga wani tsohon gini a can gangaren kogi, sun ɓalle ƙofofi da tagulla, har marmarar ƙasa sun ɗaye. Ba 'yan unguwa ba ne, da amalanke suke yawo suna neman gidan da ba kowa. Ustaz Hasan ya kira, muryarsa a dishe. Yana can Hay el-Sabi' yana gadin layinsu da sandar mofa, ba hanyar ƙetarowa. Ya ce in ja Habboba mu fita, mu bar gidan ga Allah.

Ba zan fita ba. An ce kada in motsa. Kuma in aka shigo aka kwashe gidan nan, mu ma ba wurin zama, mai zuwa nemana zai tarar da kango.

Habboba ta ce, "Mu biyu, mata, da me za mu tare su? Da tsintsiya?"

Ina zaune a dakalin zaure, gefe da jakar, sai na tuna ƙofar gidan kakanmu. Ba ta da kwaɗo. Kalma biyu ce kawai a jikin bango da gawayi, kuma ban taɓa ganin ƙaton da ya ƙetare su ba. Na miƙe tsaye na ce, "Habboba, gidan da ba kowa suke nema. To mu cika shi da mata!"

Ta dube ni ta ce, "Wallahi kanki ba daidai yake ba. Yalla, ɗauko kwali."

Litinin, 31 ga Janairu, da hantsi

Kai, yau na ji daɗi!

Na rubuta BA SHIGA da gawayi a kan kwalin sabulu, a ƙasa na rubuta da Larabci cewa akwai iyali a ciki. Da igiya na rataye shi a marfin ƙofa, ban buga ƙusa ba, Ustaz Hasan ya shaida. Sauran dokokin nasa dai sai haƙuri. Habboba ta zazzage akwatinta, muka jiƙa duk wani zane da ta mallaka tun na aurenta, muka shanya a kan rufi da bakin tagogi. Muka hura gawayi a tsakar gida aka zuba albasa a mai, hayaƙi ya tashi.

Sannan ta gangaro da turminta. Na ce ba dai a kan marmara ba, sai mun shimfiɗa buhu. Muka fara lugude, ita taɓarya ni taɓarya. Wayyo! Tsakar gidan nan doguwa ce mai zurfi, bangon dutse ta ko'ina, sai kowane bugu ya dawo gida uku. Na fita bakin titi na saurara yayin da take daka ita kaɗai, na rantse ka ce gidan suna ne. Ban san ko maginin ya yi haka da gangan ba, amma na sa masa albarka.

Hannuna ya yi kanta. Habboba ta ce 'yar boko ta haɗu da gaskiya.

Talata, 1 ga Fabrairu, bayan Asuba

A kashe.

Talata, da azahar

Akwai wani abu a benen mata da ya ɗaure mini kai. Daidai saman kwanar zaure ta biyu an yi wata 'yar mashrabiyya ƙasa-ƙasa, sai ka durƙusa za ka leƙa. Tana kallon inda baƙo yake tsayawa. Wannan na gane, don matar gida ta ga wanda ya yi sallama ne. Amma a gefenta akwai ɗan kwarmin dutse a jikin bango, bai fi akushi ba, da 'yar hanyar fitar ruwa. Ba wurin alwala ba ne, ya yi ƙanƙanta. Ba mazaunin tulu ba ne, na gwada. Me kwarmin ruwa yake yi a bakin wurin leƙe? Na tambayi Habboba, ta ce ita dai a nan take ajiye tsumma.

Wani bawan Allah daga ofishin jakadancinmu ya kira. Ana haɗa ɗalibai, akwai mota zuwa filin jirgi. Na gode masa na ce ina da aikin awo. Ya ce suna kan neman Yaya, sun je wurare. Ban tambaye shi waɗanne wurare ba.

Na auna matakalar kogi. A jikin dutsen akwai layi-layi inda ambaliya take kaiwa a zamanin da, shi ya sa ba ɗakin kwana ko ɗaya a ƙasa. Mutanen nan sun san ruwa zai zo, ba su gudu ba, sai suka hau sama.

Laraba, 2 ga Fabrairu, bayan La'asar

Sun zo! Sun zo sun tafi! Bari in rubuta.

Ina bene na hango su ta babbar mashrabiyya, maza da amalanken jaki da ƙarafan ɓalle ƙofa. Ƙofarmu tsohuwa ce, sakatarta ba ta iya tare ko akuya. Na ruga na faɗa wa Habboba. Ta ce in kama taɓarya, ita ta hau sama da gwiwarta mai ciwo.

Na yi ta daka turmi ba komai a ciki, ina kiran sunayen matan gidanmu na Zariya da ƙarfi. "Mardiya, sauke tukunyar nan! Husseina, rufe kanki, ga maza!" Ina canza murya ina amsa wa kaina. Bango yana taya ni.

Babbansu ya turo ƙofa ya shigo zaure. Daga hasken rana ya faɗo duhu, bango ya tare shi, ya karya dama yana lalube. Sai murya ta sauko masa daga saman kai, ta 'yar mashrabiyyar nan, bai ga mai ita ba. Habboba ce da Larabcinta mai kaifi: "Kai ɗan wa? Ba ka iya karatu ba? Mata ne a ciki, wasu ko lulluɓi babu! Ba ka da uwa? Ba ka da 'yar'uwa?"

Na daina daka don in ji. Wallahi sai na ji ƙaton nan ya yi gyaran murya ya ce, "Ya Satir," abin da mazan ƙasar nan suke faɗa in za su shiga gidan mata, don a kintsa. Bakinsa ne ya faɗa ba da shawararsa ba. Ya ce, "An ce mana ba kowa, ya hajja." Ta ce, "Wanda ya faɗa maka ya zo ya ƙirga mu." Ya ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri. Ya ja da baya.

Da ƙarar amalanken ta yi nisa muka zube a tsakar gida muna dariya har da riƙe ciki. Daga nan dariyar tawa ta juye ta zama wani abu daban. Habboba ta ɗora mini shayi.

Alhamis, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Ƙaryarmu ta zama gaskiya. Zahra ta zo da ƙannenta mata biyu da jaririya, ta ce lungunsu ba ya kwantuwa, kuma duk unguwa an ce gidan Rayyis ya cika da iyali. Yanzu shanyar ta gaske ce, kukan jaririya ma na gaske ne. Matasan unguwa sun matso da shingensu kusa da ƙofarmu, wai ba a barin gidan mata ba tsaro. Da can da katako ne kawai a ciki ba wanda ya matso.

Na kwantar da su a babban falo, ƙarƙashin rufin nan mai zanen furanni da 'ya'yan itace. Launin shuɗinsa har yau bai dushe ba. Zahra ta kwanta rigingine ta ce shekara ashirin tana sayar da burodi a bayan bangon nan, ba ta taɓa sanin akwai lambu a samansa ba.

Juma'a, 4 ga Fabrairu, da azahar

An kira salla. Na hau bene na rufe kunnena.

Lahadi, 6 ga Fabrairu, da yamma

Na yi ɓarna. Wajen janye jiƙaƙƙen zane daga babbar mashrabiyya, guntun katako ɗaya ya zame ya faɗo tafin hannuna. Bai kai ɗan yatsa ba. Na yi ta ƙoƙarin mayar da shi, ya ƙi. In ka cire ɗaya, na kusa da shi duk sai su yi sako-sako. Na tsaya ina kallon gurbin. Taga mai guntaye dubbai, amma idona ba ya zuwa ko'ina sai wurin da babu.

Umma ta ce in ba ta Yaya su gaisa. Na ce yana wanka. Ta ce kullum wanka? Na ce layi ba kyau.

Laraba, 9 ga Fabrairu, da hantsi

Na gama zanen benen sama, ya yi kyau ƙwarai, ko ni na faɗa. Saura kwarmin nan, ban san sunan da zan rubuta a kansa ba.

Na lura na haddace tafiyar duk mazan da ke bi ta bakin kogi. Akwai wani dogo mai ɗan jan ƙafar hagu da ke wucewa kullum. Kullum sai na miƙe, kullum ba shi ba ne.

Habboba ta ɗauke jakar daga dakali ta kai ɗakinta, wai ƙura. Na je na dawo da ita inda aka ajiye ta.

Juma'a, 11 ga Fabrairu, da Magariba

Shugaban ƙasar ya sauka daga mulki! Gari ya fashe da ihu gaba ɗaya, motoci, jiragen ruwa, guɗa ta kowane lungu. Zahra ta rungume ni tana tsalle. Na hau na buɗe malƙaf, murnar ta zubo cikin falo har jaririya ta farka. Na taya su, da gaske na taya su, don sun ga abin da suke jira.

Na gwada lambar. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 13 ga Fabrairu, bayan Azahar

Ustaz Hasan ya iso. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon baƙin hayaƙi a bango, da igiyar shanya, da turmi. Ya ce, "Na ce ba wuta." Na ce na sani. Na miƙa masa guntun katakon nan ma, don kada ya gano da kansa. Ya hau sama ya zagaya ɗaki-ɗaki, ya shafa kowace ƙofa, ya sauko idonsa jajur. Ya sumbaci kan Habboba. Ni kuma ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ya binti."

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. An ba da umarni a rufe irin waɗannan gidaje, a buga hatimi a ƙofa har sai hali ya daidaita. Gobe da Magariba. Su Zahra su koma lungunsu, Habboba ta tafi wurin 'yarta, ni in koma masaukin ɗalibai.

Na ce akwai mai zuwa nemana a nan. Ya ce sai in bar saƙo wurin Zahra. Na ce ba saƙo aka ce in bari ba, cewa aka yi kada in motsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba a hannuna yake ba."

Na tare ɓarayi da taɓarya, amma ban san da me ake tare mutumin kirki mai takarda ba.

Litinin, 14 ga Fabrairu, da safe

Mun naɗe zannuwa. Mun goge bango iyakar iyawa. Ban sauke kwalin ba tukuna.

Litinin, bayan La'asar

Ina bene ina naɗe takardun zane, Ustaz Hasan yana bayan gida yana duba ƙofar kogi, sai na ji an turo ƙofar zaure. Taku a hankali. Ya karya kwana ta farko, ya tsaya.

"Salamu alaikum."

Habboba, da sabo ya riga ya kama bakinta, ta daka tsawa daga tsakar gida: "Ba shiga!"

Takun bai ƙaru ba, bai kuma koma ba. Can sai aka sake, da Hausa, a hankali: "Salamu alaikum, masu gida. A yi mini sallama da Shafa'atu."

Ban san yadda na isa 'yar mashrabiyyar ba, na dai tsinci kaina a durƙushe. Yana tsaye daidai inda baƙo yake tsayawa, hannu a baya, kai a ƙasa, kamar yadda Baba ya koya masa. An aske masa kai ƙwal. Rigar da ke jikinsa ba tasa ba ce, takalman ma kowanne da kalarsa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Yatsunsa biyu a naɗe da tsumma. Na gan shi tsaf, shi bai gan ni ba.

Na toshe bakina da mayafi na yi kukan da nake bin kaina tun ranar Juma'ar nan. Na yi shi har ya ishe ni. Da na ɗago ina neman abin share fuska, sai ga kwarmin dutsen nan a gefen kafaɗata, daidai inda hannu zai kai. Na zuba ruwan gorata a ciki, na wanke idona, ruwan ya bi 'yar hanyarsa ya fice. Ashe wata ta taɓa durƙusawa a nan tana jiran mai jirgi. Ko ba haka maginin ya nufa ba, haka zan rubuta a zanena, duk malamin da ya ga dama ya rage mini maki.

Na sauko da busasshiyar fuska na ce, "Yaya, wace irin salla ce wannan?"

Ya yi murmushi, na ga haƙori ɗaya babu. Ya ce, "Limamin ne ya ja doguwar sura." Ya leƙa ta bayana ya hango turmi da tukwane da ƙunshin zannuwa. "Ke Shafa, cewa na yi ki jira ni, ban ce ki tare ba."

Bai faɗi inda yake ba, ban tambaya ba. Ya ga jakarsa a kan dakali, ya ɗora hannu a kanta ya daɗe bai ɗauke ba. Na ce ya shigo ya zauna, Habboba ta ɗora shayi, kuma Umma tana jira ya fito daga wanka.

Ya nuna ƙofa da yatsun nan masu tsumma ya ce, "An rubuta ba shiga."

Na fita na kwance igiyar da hannuna.